Notin Gadon Baba

Surukata ba ta da sauƙi, kuma ba ta taɓa cewa tana da shi ba. Shekara ashirin da biyu ina auren babban ɗanta, ban taɓa jin "ba zan iya ba" ta fito daga bakinta ba. Abin da take cewa shi ne, "Ban gano ba tukuna," sai ta gyara tabarau ta juya miki baya.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga tafireta a wani ofis. Idan tafiretar ta lalace, mai gyara sai ya ga dama yake zuwa, ita kuwa ba ta iya zaman jira. Da tsinken gashi da wuƙar fere fensir ta fara kwance ta. Sau biyu ana ba ta takardar gargaɗi a kan taɓa kayan ofis, kuma duk biyun ita aka ba ta buga da hannunta, a kan tafiretar da ta gyara. Har yau tana ba da wannan labari tana dariya.

Da ta yi ritaya, kowa ya zaci za ta zauna ta yi renon jikoki. Sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida da tsohon injin sassaƙa ƙarfe, wanda wata makarantar koyon sana'a ta fitar za ta zubar. Ƙarti shida suka shigar da shi gareji suna nishi. Injin nan shi ne mai riƙe ƙarfe yana juya shi, mutum ya kawo ƙaramin mayanki yana fere shi har ya zama abin da yake so. Ba sana'a ta ɗauke shi ba, ko kusa. Mariƙin murfin tukunya take yi, da bakin famfo, da tayar keken jikoki. Wani abin ma ba shi da amfanin komai, sai dai ta goge shi ta jera a taga. Unguwa ta sa mata Mama Mai Inji, maza suna faɗa da ɗan murmushin raini, ita kuwa tana amsawa da ƙarfi.

Baba, mijinta, malamin lissafi ne. Shi ba ya taɓa ƙarfe, yana cewa hannunsa na alli ne. Amma kullum da safe zai jawo kujera bakin garejin da rediyonsa da wani littafi mai baƙin bango. Idan za ta yanka haƙoran noti, sai ta faɗa masa guda nawa take so a cikin inci ɗaya, shi kuma ya lissafa mata giyar, wato faifan ƙarfe mai haƙora, da za ta ɗaura wa injin, ya rubuta. Maƙeriya yake kiranta. Tana kiransa Malam, idan kuma ya yi kuskure a lissafi, abin da ya faru sau ɗaya tak, ta kira shi ɗan aji ɗaya har mako guda.

Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta yi masa nauyi, haɗiya ta yi wuya. Likita ya ce kada a kuskura a ba shi ko ruwa yana kwance. Mama ta samo tsohon gadon asibiti, irin mai hannu a wajen ƙafafu, idan an juya hannun sai wajen kai ya tashi a hankali. Ta kafa shi a falo, daidai tagar da ke kallon ƙofar gareji. Sau biyar, sau shida a rana tana juya hannun nan. Idan ya tashi zaune yana ci, yana sha, yana kallonta tana aiki, har kalma biyu ko uku yakan haɗa. Idan yana kwance kuwa, sai idanu.

Wata ranar Litinin da safe ta juya hannun, gadon ya tashi rabi, sai ya yi wani ƙara ya koma ƙasa da Baba a kai. Bai ji ciwo ba. Amma daga nan komai juyawa, hannun sai ya yi ta zagayawa a banza.

Kafin in iso ta riga ta shiga ƙarƙashin gadon ta kwance shi. Abin ba shi da yawa: doguwar sandar ƙarfe ce mai haƙora a zagaye, da noti na tagulla da ke tafiya a kanta yana tura wajen kai sama. Haƙoran notin sun cinye ƙarƙaf, cikinsa ya yi sumul kamar zobe. Sandar lafiyarta lau.

Muka tada Baba da matasai guda biyar. Bai yi minti uku ba ya zame, ya karkace ta ɓarin da ya mutu. Na ba shi ruwa a cokali, ya sarƙe, ya yi ta tari har fuskarsa ta canja. Wallahi na tsorata.

A nan zan faɗi laifina, don kada in ba da labarin kamar ni ta kirki ce tun farko. Ni na kira maigidana a waya. Ni na ce masa tsohuwar nan za ta kashe ubansa da taurin kai. Kuma ni ce tun bara nake masa famfo a kan a kwaso su biyun a dawo da su gidanmu, a can ɗaya ƙarshen gari, inda muka gyara ɗaki a bene na biyu da gado mai lantarki. Na gaji da ratsa gari sau uku a mako, gaskiyar ke nan. Ɗakin yana da kyau. Tagarsa bangon maƙwabta take kallo, kuma ba inda za a sa inji a gidan.

Maigidana ya zo da rana, da takalminsa mai sheƙi, ya tsaya a tsakiyar falo.

"Mama, ya isa haka," ya ce. "Ranar Asabar zan zo da mota da mutane. Ku haɗa kayanku."

"Noti ne ya cinye," ta ce. "Ba gidan ne ya rushe ba."

"Gadon nan ya girme ni. Kamfanin da ya yi shi ma babu shi. Ina za ki samu notinsa?"

"Yi zan yi."

Ya yi dariya, irin wadda ya gada daga ubansa amma bai gaji daɗinta ba. "Wannan ba murfin tukunya ba ne, Mama. Ran mutum ne."

Ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shekara biyu ina ɗaga ran mutumin nan da hannuna. Sau nawa ka juya hannun gadon nan? Faɗa mini, ta dama ake juyawa ko ta hagu?"

Bai sani ba. Ya ɗauki sandar ya fita da ita, wai zai kai wa masu sana'ar na gaske, don a daina wasa.

Washegari ya dawo da ita da noti sabo na baƙin ƙarfe, da saƙo daga mai sassaƙar ƙarfen da ya kai wa. Mutumin ya ce ya auna, haƙori takwas ne a inci, ya yanka daidai, ya ƙi shiga. Ya gwada duk notin da ke shagonsa, babu wanda ya hau. Ya ce irin wannan sai ƙasar da aka yi shi, a haƙura. Kuma da alama kafin ya haƙura ɗin ya sa guduma, don bakin sandar ya dandaƙe ya lanƙwashe. Mama ta daɗe tana kallon wurin. Ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi zagin ban tsoro. Ta ɗauki magagari ta gyara bakin, ta shige gareji.

Na ce zan zauna a gidan har Asabar in taimaka da Baba. A raina, zama na yi in haɗa kaya. Mu biyu muke tada shi idan zai ci abinci, ni in zauna a bayansa in tallafe shi da ƙirjina, ita ta ba shi. Bayana kamar zai karye. Tsakanin abinci da abinci yana kwance yana kallon silin, ita tana gareji, ni ina naɗe zannuwa a akwati a ɓoye.

Ranar Laraba ta kira ni in riƙe mata fitila, don hasken garejin bai isa ba ko da rana. A nan na ga yadda take aunawa. Tana da ma'aunin haƙora, wasu siraran ƙarafa masu baki kamar zarto da ke naɗewa cikin kube ɗaya, amma ta ce na ƙananan noti ne, babu wanda ya kai girman wannan. Sai ta ɗauko abin da ta fi yarda da shi: takardar kabon, ragowar zamanin ofis. Ta shimfiɗa farar takarda, ta ɗora kabon, ta mirgina sandar a kai tana dannawa. Da ta ɗaga, ga layuka baƙaƙe a jere. Ta ɗora rula ta ƙirga da bakin allura.

"Talatin da biyu a inci huɗu," ta ce. "Takwas ke nan. Mai gudumar bai yi ƙarya ba. Hannunsa ne ba shi da tarbiyya."

Tagullar da take da ita guntuwa ce, ta auna ta ce noti uku za ta fitar, ba ƙari. Ta yanka na farko. Ta buɗe littafin Baba mai baƙin bango, ta nemo inda ya rubuta takwas, ta ɗaura giyar. Wuni guda tana tsaye, mayankin yana shiga cikin ramin notin yana fitowa, kowane zuwa yana ɗebo ɗan gari kamar ƙura. Da la'asar ta ɗora shi a bakin sandar. Ya yi rabin juyi ya cije.

Na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na koma na ci gaba da naɗe zannuwa.

Ranar Alhamis ta ce ƙila yawan haƙoran daidai ne, siffarsu ce ba ta kama ba. Ta danna sabulu a jikin sandar, ta ɓamɓare, ta duba zanen a haske: kwarin da ke tsakanin haƙoran yana da faɗin ƙasa, ba tsini ba. Ta wasa sabon mayanki a dutse har ya zauna cikin kwarin ba ya motsi. Ta yanka na biyu, ta ɗan sakar masa jiki. Ya yi rabin juyi, ya cije a daidai inda ɗan'uwansa ya cije.

Ta zauna a kan kujerar Baba da ke bakin gareji. Ban taɓa ganin ta zauna a kanta ba. Hannuwanta baƙi ƙirin da mai, babban yatsanta ya tsage, kuma a lokacin na ga cewa tsohuwa ce, ta haura saba'in, kafaɗunta sun zube.

"Mama," na ce, "ki bari haka. Kin yi iya yinki."

"Na ga akwatin da kike haɗawa, 'yar nan," ta ce, ba ta ko dube ni ba. "Zanin gadon mai ruwan toka ba na tafiya ba ne, na shimfiɗa ne, ki mayar. Kin san abin da zai faru da shi a benenku? Zai ci, zai sha, za a goge masa jiki. Ya kalli bango har ya mutu. Mutumin nan abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya tashi zaune ya ga ina aiki ya ce na yi kuskure. Ba zan bari a ƙwace masa ba saboda guntun tagulla."

Na tashi. Na shiga na mayar da zanin gadon.

Ranar Juma'a da safe ba ta kunna injin ba. Saura tagulla ɗaya, ta ce ba za ta taɓa ta ba sai ta san abin da take yankawa. Ta ce ƙila datti ne ya daskare a ƙasan kwarin ya hana ta ganin zurfinsa na gaskiya. Buroshi bai kai ba. Sai ta aike ni in ɗauko mata farin zaren ɗinki mai kauri a kwandonta. Ta ɗaura bakinsa a ƙarshen sandar, ta zura shi cikin kwarin, ta ce in riƙa juya sandar a hankali, ita tana jan zaren yana bin hanya yana kwashe man.

Na juya kamar sau goma. Sai ta ce, "Tsaya."

Na tsaya.

"Duba nan. Me kika gani?"

Na duba. Farin zaren ya kwanta a kwari ɗaya, na kusa da shi babu komai, baƙi. Na gaba fari, na gaba baƙi. Haka har inda muka tsaya. Na ce ai tsallake ta yi, mu sake.

"Ban tsallake ba. Zare ba ya tsallake, hanyar da aka sa shi yake bi." Ta nuna da yatsa. "Hanya biyu ce, 'yar nan! Kwari biyu ne suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowanne da mafarinsa. Ido yana ganin takwas a inci, amma huɗu ne da huɗu. Juyi ɗaya, haƙori biyu yake ci. Shi ya sa gadon yake saurin tashi!"

A bakin sandar ya kamata a ga mafarin biyu, nan ne kuwa guduma ta dandaƙe, ita kuma ta bi da magagari ta shafe sauran. Duk wanda ya auna ya auna daidai. Tambayar ce ba wanda ya yi.

Ta ɗauki sandar da zarenta ta nufi falo, ina biye. Ta sunkuya ta kai ta gaban idon Baba. "Malam, duba abin da ya wahalar da mu. Baki biyu gare shi." Ya daɗe yana kallo. Sai gefen bakinsa mai rai ya motsa, hannunsa na hagu ya ɗago daga zanin, ya buɗe yatsu huɗu.

"Na sani," ta ce. "Huɗu zan ɗaura. Kai dai ba ka iya yin shiru."

A littafin akwai shafin huɗu a inci, da rubutunsa na da, mai tsaye kamar sojoji, ba ta taɓa amfani da shi ba. Ta ɗaura giyar. Ta yanka kwari na farko har ya kai zurfinsa. Sannan ta tsayar da injin, ta sa alli ta yi alama a haƙorin babbar giyar, ta ƙirga rabin haƙoranta sau uku da bakin allura, ni ma ta sa na ƙirga, ta zare giyar ta juya aikin rabin zagaye cif, ta mayar. Ta ce idan ta kauce da haƙori ɗaya, tagullar ta tafi. Ta fara kwari na biyu a tsakanin na farko.

Ba ta gama ba sai safiyar Asabar, don hannunta ya gaji ta ce ba ta yanka ƙarfe da hannu mai rawa. Tana cikin goge notin muka ji tsayuwar mota. Maigidana ya shigo da mutum biyu da abin ɗaukar mara lafiya. Ya ganni da baƙin mai har gwiwar hannu, ya buɗe baki.

"Ke kuma fa? Ina kayan?"

"Na kwance," na ce. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar a gaban mutane ba.

Mama ba ta kula shi ba. Ta ɗiga mai a sandar, ta ɗora notin, ta murza da yatsu biyu. Ya yi rabin juyi. Ya wuce. Ta ba shi ɗan bugu da tafin hannu, ya yi ta gudu shi kaɗai har tsakiyar sandar, ba ƙara, ba cijewa. Ɗaya daga cikin mutanen ya ce, "Kai!" ya ajiye abin da yake riƙe da shi.

Ta durƙusa da ƙyar ta shiga ƙarƙashin gadon, ni ina miƙa mata sifana. Da ta fito, sai ta miƙe tana dafa ƙarfen gadon, ta nuna wa ɗanta hannun.

"Zo ka ɗaga ubanka. Ta dama ake juyawa."

Ya matso. Sannan ya naɗe hannun rigarsa ya sunkuya. Juyi ɗaya, biyu, gadon ya motsa. Kan Baba ya rabu da kallon silin, ƙirjinsa ya taso, tagar ta zo daidai fuskarsa, da ƙofar garejin a buɗe da injin a ciki. A juyi na goma sha huɗu Mama ta ce ya isa. Ta ba Baba ruwa a kofi, ya sha rabi, bai sarƙe ba.

Maigidana bai saki hannun ba. Ya ce, a hankali yanzu, "Baba, na gyara maka ɗaki. Ka fi samun kulawa a can. Mu tafi?"

Kwana biyar ba wanda ya tambaye shi, har da ni. Baba ya ja numfashi, ya tattara bakinsa, muka jira. Kalmomin suka fito ɗaya bayan ɗaya, da nauyi, amma kowa a falon ya ji.

"Ina... da aiki... a nan."

Mutanen suka naɗe abinsu suka fita. Maigidana ya zauna a bakin gadon, yana kallon tafin hannunsa da man ya ɓata, bai nemi tsumma ba. Ni kuwa na shige kicin na yi kukan da ban san na tara ba, rabi na kunya.

Wata goma sha tara Baba ya ƙara a gidan. Ranar Asabar ta zama ranar maigidana, shi yake juya hannun, ya san goma sha huɗu ba sai an faɗa masa ba. Baba ya rasu wata safiya yana zaune, fuskarsa a taga, injin yana aiki. Mama ta ce ta ɗago ta nuna masa wani abu da ta gama, ta ga bai gyara mata ba.

Noti biyun da suka ƙi suna nan a tagar gareji, ta goge su suna ƙyalli tare da sauran kayan da ba su da amfani. Bayan an yi kwana arba'in maigidana ya sake kawo maganar ɗakin bene, a ladabce wannan karon. Tana ɗaura giya, littafin mai baƙin bango a buɗe a gabanta. Ta ce masa akwai shafi goma sha ɗaya a ciki da ba ta yanka ba tukuna, in ta gama ya zo su yi magana.